Zauren Batavia: Ƙungiyar zumunta ce ko ƙungiyar asiri?

Sanusi, daga Rochester:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar da ta wuce hanya ta bi da ni ta wani ƙaramin gari mai suna Batavia a yammacin jihar New York, tsakanin Rochester inda nake aiki da birnin Buffalo, sai na ratse tsohuwar maƙabartar garin domin in ga wani abu da abokin aikina ya daɗe yana ba ni labarinsa. A kusurwar maƙabartar, dab da layin dogo, akwai wani dogon ginshiƙi na dutse wanda ya kere duk duwatsun kaburburan da ke wurin, a ƙololuwarsa kuma an ɗora mutum-mutumin wani magini mai suna William Morgan. Babu gawa a ƙarƙashinsa, domin har yau ba a ga gawar mutumin ba. Rubutun da aka sassaƙa a gindin ginshiƙin ya ce 'yan ƙungiyar Firimason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta maza mai rantsuwar sirri, ne suka sace shi a 1826 suka kashe shi saboda ya tona asirinsu, kuma mutum sama da 2,000 suka yi karo-karo aka kafa dutsen a 1882.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗanda ake zargin ba wasu baƙi ba ne da suka zo daga nesa. Maƙwabtansa ne, dattawan ƙananan garuruwan yankin, masu zuwa coci, masu shaguna da gonaki. Kowane gari a wancan zamani yana da abin da suke kira loj, wato reshen ƙungiya tare da ɗakin da suke taruwa, ni dai zan riƙa cewa zaure. Ina neman masana tarihi da ke cikinmu su taimaka mana mu gane yadda zauren da aka kafa domin taimakon juna ya kai ga wannan aika-aika.

Malam Lawal, Katsina:
Wa alaikumus salam Malam Sanusi. Ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin shekaru da dama na yi ina koyar da tarihin Amurka kafin in ajiye alli. Kafin a yi maganar Morgan ya kamata a fara sanin garin. Batavia a 1826 ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai da kafuwa ba. Wani mai awon ƙasa, Joseph Ellicott, shi ya shata ta a farkon ƙarni na 19 a madadin wani kamfanin attajiran ƙasar Holan da ya sayi miliyoyin kadada a yankin, kuma a nan ofishin sayar da filayen yake. Saboda haka gari ne na zuwa da zuwa: kowa ya baro danginsa a gabas, babu kaka, babu kawu, babu mai unguwar da ya san asalinka. A irin wannan wuri, idan kana neman bashi ko abokin ciniki ko wanda zai tsaya maka a gaban alƙali, da me za ka nuna cewa kai mutumin kirki ne? Nan zauren ya shigo. Wanda aka karɓa a cikinsa ya sami 'yan'uwa na rantsuwa a madadin na jini, kuma duk garin da ya sauka, muddin ya nuna alamar hannu ya faɗi kalmar da aka sani, ya sami masauki.

Ita kanta ƙungiyar daga Birtaniya ta fito. Bisa tarihin da su da kansu suke bayarwa, zaure huɗu suka haɗu a Landan a 1717 suka kafa uwar ƙungiya, kuma kayan aikin magina, irin su ma'aunin kusurwa da kamfas da ɗan gyauton fata da ake ɗaurawa a ƙugu, su ne alamominta. A Amurka ta sami karɓuwa wurin manya: George Washington ɗanta ne, haka Benjamin Franklin, haka kuma DeWitt Clinton, gwamnan New York a lokacin da abin ya faru, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar a jihar baki ɗaya. Ku riƙe wannan batu na ƙarshe, za a dawo kansa.

Hajiya Rabi, Zariya:
Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan bayani, amma ni ban ga abin da ya bambanta wannan da abin da muke kira ƙungiyar asiri ba. Mutanen da suke kulle ƙofa, suke ajiye mai gadi da takobi a bakinta, suke rufe wa sabon shiga ido suna sa shi rantsuwa cewa a yanke masa maƙogwaro idan ya faɗi abin da ya gani, wane suna za a ba su in ba wannan ba? Shi Morgan ɗin ma ɗansu ne ko kuwa leƙen asiri ya shiga yi?

Sanusi, daga Rochester:
Hajiya, tambayarki ta biyu ita ce mafarin rigimar. Morgan mutumin jihar Virginia ne, magini, ya taɓa zama a Kanada kafin ya dawo Rochester sannan Batavia da matarsa Lucinda da 'ya'ya biyu ƙanana, kuma bashi ya yi masa katutu. A 1825 an ba shi wani matsayi na ƙungiyar a garin Le Roy da ke maƙwabtaka. Da mutanen Batavia suka tashi neman izinin buɗe nasu reshen na wannan matsayi, ya sa hannu a takardar, sai wasu suka ga bai cancanta ba, aka sake rubuta wata takardar aka tsallake sunansa. Wulaƙancin da aka yi masa ke nan a garin da kowa ya san kowa. Daga nan ya haɗa kai da David Miller, mai gidan jarida a garin, suka shelanta cewa za su buga littafi mai ɗauke da dukan rantsuwowi da alamomin ƙungiyar.

A watan Satumba na 1826 aka yi yunƙurin cinna wa maɗaba'ar Miller wuta. Ranar 11 ga wata aka kama Morgan bisa zargin ya ari riga da ɗankwalin wuya bai mayar ba, aka kai shi Canandaigua, tafiyar kusan kilomita 80 gabas da Batavia. Aka sallame shi a kan wannan, nan take aka sake kama shi saboda bashin da bai kai dala 3 ba. Daren washegari wani mai suna Loton Lawson ya zo gidan yarin ya biya bashin, Morgan yana fitowa aka cusa shi cikin keken doki yana kururuwa cewa za a kashe shi. Aka riƙa sauya dawaki da direbobi gari bayan gari har aka kai shi tsohon sansanin soja na Niagara a bakin iyakar Kanada, aka kulle shi a ɗakin ajiyar albarushi. Daga nan labarinsa ya yanke. Masu zargi sun ce an ɗaura masa nauyi an jefa shi kogin Niagara, wasu 'yan ƙungiyar kuma suka ce kuɗi aka ba shi ya ƙetare ya ɓace. Littafin kuwa ya fito bayan 'yan watanni, aka yi ta rububinsa.

Barista Aminu, Kaduna:
Ina so in ja hankalin jama'a kan wannan sauya dawaki da Malam Sanusi ya ambata, domin a nan ne zuciyar maganar take. Ba zai yiwu a ɗauki mutum da ƙarfi a ratsa da shi gundumomi da dama a keken doki ba sai da hannun mutane masu yawa, kowanne ya tanadi doki ko ɗaki ko ya kawar da kai. Cikin waɗanda suka taimaka har da Eli Bruce, babban jami'in tsaro na gundumar Niagara, wato mutumin da aikinsa shi ne ya kama masu satar mutane. A wancan zamani kuma irin wannan jami'i shi ke da hannu wajen tara mutanen da za su zauna su saurari ƙara su yanke hukunci. To, idan mai kamu ɗan zaure ne, mai zaɓen masu hukunci ɗan zaure ne, shaidu ma 'yan zaure ne, ina matar Morgan za ta kai kukanta?

An yi shekaru ana shari'o'i. A zaman farko a Canandaigua, a watan Janairu na 1827, Lawson ya sami ɗaurin shekara 2, Nicholas Chesebro, wanda shi ne shugaban zauren Canandaigua, ya sami shekara 1, wani ya sami wata 3, wani wata 1. Gwamna Clinton ya sa tukuici ga wanda ya gano Morgan, ya kuma tsige Bruce, daga baya aka ɗaure shi wata 28. Babu ko mutum ɗaya da aka hukunta da laifin kisa, tunda babu gawa. Shaidu sun ƙi magana, wasu sun bar jihar. A gaskiya ina ganin da ace an kama mutum biyar an yi musu hukunci mai tsanani cikin wata shida, da maganar ta mutu a Batavia. Abin da ya harzuƙa talakawa shi ne ganin cewa rantsuwar da aka yi a ɗakin sama ta fi ƙarfin wadda aka yi a gaban alƙali.

Wannan ne ma ya sa nake yaba wa waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkinmu na 1999. Sashe na 38 ya hana kowa fakewa da 'yancin addini domin shiga ƙungiyar asiri, sashe na 318 kuma da ya zo fassara ta bai tsaya ga alamomi da rantsuwa kawai ba, ya haɗa da cewa 'ya'yanta suna taimakon juna a kowane hali ba tare da duba cancanta ko adalci ba, har a cutar da wanda ba ɗansu ba. Kamar sun karanta shari'ar Canandaigua.

Hajiya Zainab, Kumasi:
Barista, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma ina jin tsoron kada laifin dare ɗaya ya rufe mana ido daga aikin shekara ɗari. Ni na san abin da ake nufi da mutuwa a baƙon wuri. Lokacin da maigidana ya rasu a nan zango, 'yan'uwanmu na jini duk suna can arewa, tafiyar kwana da yini. Ƙungiyar mahauta da yake ciki ita ta sayi likkafani, ita ta biya masu haƙa, kuma ma'ajinta, wani dattijo mai ɗingishi, ya riƙa zuwa ƙofar gidana kowane ƙarshen wata har na fita takaba, ya yi sallama daga waje, ya miƙa wa yaro kuɗi a ƙulle cikin leda, ya juya ba tare da ya jira godiya ba. Da kuɗin nan na ci gaba da biyan makarantar auta.

Na karanta cewa haka zaurukan Amurka suke yi. Akwai wata ƙungiyar, Odd Fellows, wadda Thomas Wildey ya kafa reshenta a Baltimore a 1819, kuma umarnin da take bai wa 'ya'yanta huɗu ne: a gaida maras lafiya, a agaza wa wanda ke cikin ƙunci, a binne mamaci, a ilimantar da maraya. Ku faɗa mini wanne ne a ciki malamanmu ba su yi mana wa'azi a kansa ba. A lokacin babu fansho, babu inshora ga talaka, leburan da ya karye a wurin aiki zaurensa ke ba shi kuɗin mako. Mu ma nan Gana irin waɗannan zauruka sun daɗe a garuruwan bakin teku kamar Cape Coast tun ƙarni na 19, kuma abin da jama'a suka fi saninsu da shi shi ne fitowa jana'izar ɗan'uwansu cikin kayan ado.

Hajiya Rabi, Zariya:
Allah ya jiƙan maigida, Yaya Zainab, ya saka wa wannan dattijo da alheri. Sai dai ƙungiyar mahautan ba ta rufe wa kowa ido ba, kuma duk zango ya san su waye a ciki da ranar da suke taro. Sannan a duba wa aka yarda ya shiga zauren na Amurka. Mace ba ta shiga. A wancan zamani baƙar fata ma ba ya shiga, shi ya sa Prince Hall da abokansa baƙaƙen fata a Boston sai daga Ingila suka samo takardar izini a 1784 suka yi nasu daban. Zumuncin da ya tsaya a kan farare maza masu abin biyan kuɗin shiga, ai taimakon mai ƙarfi ne ga mai ƙarfi.

Malam Lawal, Katsina:
Dukanku biyu kuna da gaskiya, kuma abin da ya biyo baya ya nuna haka. Bayan ɓacewar Morgan yammacin New York ya kama da wuta. Yanki ne da dama can ya yi suna wajen zafin wa'azi, sai majami'u suka fara cewa mutum ya zaɓa, ko coci ko zaure. Aka daina sayayya a shagunan 'yan ƙungiya, aka daina zaɓensu, a wasu gidajen har aure ya girgiza. A 1828 waɗanda suka fice suka yi taro a Le Roy, garin da aka ba Morgan matsayi, suka yi shelar barin ƙungiyar a bainar jama'a. Zauruka da yawa suka mayar da takardun izininsu, wasu suka koma taro a ɓoye a gidajen gona.

'Yan siyasa kuma ba su bar damar ta wuce ba. A watan Oktoba na 1827 ruwa ya kawo wata gawa gaɓar tafkin Ontario, aka ce ta Morgan ce, aka binne ta a Batavia da babban taro ana dab da zaɓe, daga baya wata mata daga Kanada ta zo ta shaida tufafin ta ce mijinta ne, Timothy Munro, wanda ya nitse. An zargi ɗan jarida Thurlow Weed da amfani da gawar domin neman ƙuri'a. Daga wannan guguwa aka haifi jam'iyyar adawa da Firimason, wadda ita ce ta fara yin babban taron ƙasa domin tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, a Baltimore a 1831, al'adar da manyan jam'iyyun Amurka suke bi har yau. Ɗan takararta William Wirt ya ci jihar Vermont kaɗai a 1832, shugaban ƙasa Andrew Jackson, wanda shi kansa jigo ne a ƙungiyar Firimason, ya koma kujerarsa. Jam'iyyar ta yi gwamna a Vermont da Pennsylvania, kuma a cikinta William Seward, wanda daga baya ya zama sakataren harkokin wajen Amurka, da Millard Fillmore, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, suka fara siyasa.

Abin lura shi ne zaurukan ba su mutu ba. Buƙatar da ta haife su tana nan, don haka bayan ƙura ta lafa suka farfaɗo, suka rage shaye-shaye a wurin taro, suka ƙara fito da aikin agaji fili, kuma bayan yaƙin basasar Amurka suka yi yawan da ba su taɓa yi ba. Shi ya sa aka kafa ginshiƙin a 1882: wata ƙungiyar Kiristoci masu adawa da ƙungiyoyin asiri ce ta ga abin ya dawo da ƙarfinsa, ta so ta tuna wa mutane.

Ustaz Nuhu, Maraɗi:
Na bi muhawarar tun daga farko. Domin kada wani matashi ya karanta ya ɗauka ana tallata masa abin, ya kamata a faɗa cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi zama a kan Masuniyya, wato ƙungiyar Firimason, a 1978 ta yanke cewa ba ta halatta ga Musulmi ba, kuma cocin Katolika ta riga ta hana mabiyanta tun 1738. Dalilin da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne wanda Barista ya kawo, ko da yake shi ta fuskar doka ya zo. An umarce mu da mu tsayu da adalci mu ba da shaida ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Duk alƙawarin da zai sa ka ɓoye shaida domin kare wani, ko da sunan zaure aka yi shi, ko da sunan ƙabila, ko da sunan ɗariƙa ko jam'iyya, ya ci karo da wannan. Hajiya Zainab kuma ta tuna mana abin da ya kamata mu ji kunyarsa, domin wannan aikin na dattijon mahauci shi ne aikin masallatan unguwanninmu, kuma da yawa ba sa yi.

Alhaji Musa, Jos:
Ustaz ya gama magana, ni dai shaida zan ƙara. Na taɓa yin shari'ar fili shekara shida da wani mai hali. Takarduna cikakku ne, amma duk ofishin da na shiga sai in tarar labarina ya riga ni isa, fayil ya ɓace, an ɗage zama, mai awo ya tafi hutu. Daga baya wani masinja da ya tausaya mini ya ja ni gefe ya ce, Alhaji, mutanen nan duk wuri ɗaya suke cin abincin dare ranar Alhamis. Babu rantsuwa, babu takobi, kulob ne kawai mai rajista. Na sayar da filin da asara. Don haka da na karanta yadda aka riƙa sauya wa masu ɗauke da Morgan dawaki, ban ji kamar labarin wata ƙasa nake karantawa ba.

Hajiya Zainab, Kumasi:
Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Malam Sanusi, kai da kake can, yau me ya rage na waɗannan zauruka?

Sanusi, daga Rochester:
Hajiya, saura ƙiris. A 1959 'yan Firimason a Amurka sun haura miliyan 4, yanzu ba su kai miliyan 1 ba. Tun da gwamnati ta kafa tsarin fanshon tsufa a 1935, kamfanoni kuma suka fara yi wa ma'aikata inshorar lafiya, babban dalilin da ke kai lebura zaure ya tafi, talabijin da ƙaura zuwa birane suka ƙarasa sauran.

A bara wani dattijo da nake duba lafiyarsa ya kai ni zaurensu a wani ƙauye, ba na Batavia ba. Ginin bene ne mai hawa biyu irin wanda ake gani a babban titin kusan kowane ƙaramin gari a nan: ƙasa shago ne da suke bayarwa haya, da kuɗin hayar ake riƙe saman. Muka hau wani matsattsen tsani, ya buɗe ƙofa mai ɗan rami na leƙe. Kujeru sun kewaye bango, za su ɗauki mutum tamanin, ya ce yanzu idan sun kai tara sun gode. Ya ɗauko mini akwatin ƙuri'a na katako, mai aljihu biyu da murfin da ke rufe hannun mai jefawa, a ciki akwai 'yan ƙwallaye farare da baƙaƙe. Fari na nufin a karɓi mai neman shiga, baƙi na nufin a ƙi shi, kuma ba a tambayar wanda ya jefa. Sai ya buɗe wani tsohon littafin taro wanda takardunsa suka yi ja, ya bi layukan da yatsa yana karanta mini: an kai wa matar wane itacen hunturu, an naɗa mutum biyu su kwana wurin wane da ke jinya, an dakatar da wane saboda maye. Na tambaye shi labarin Morgan. Ya yi shiru, sannan ya ce kakansa bai taɓa yarda a ambaci sunan a gidansu ba, shi kuwa yana ganin an kashe mutumin, kuma waɗanda suka yi sun ci amanar abin da suka rantse a kai. Yanzu suna shawarar haɗewa da zauren garin da ke gaba su sayar da ginin, damuwarsa kawai ita ce wa zai karɓi littattafan. Na ce masa ya tuntuɓi gidan tarihi na gundumarsu, kuma na yi masa alƙawarin idan na sami hutu a watan gobe zan je in taya shi sauko da su, domin gwiwoyinsa ba sa iya hawan tsanin sau biyu a rana.